Jirgin Albasa Zuwa Yanbu

"Zaɓi ɗaya, Sauda. Jirgi na ce ki zaɓa, ba fatawa na ce ki ba ni ba."

Takardu uku Mukhtaru ya baje a kan tabarmar zaurenmu, kowacce da hoton jirgin ruwa a jikinta. Ni kuwa ina durƙushe daga bakin ƙofa, na ja mayafi har kan hanci.

Mukhtaru ma'aikaci ne a wani ofishin sayar da tikitin jiragen ruwa a Jidda. Duk Alhamis yake hawo mota ya zo Makka, bayan la'asar ya ƙaraso unguwarmu ta Mansur. Shekara biyu yana wannan zirga-zirga saboda ni, kuma saura wata biyu a ɗaura mana aure. A lokacin muna cikin shekarar 1381 ta Hijira.

"Kin ga wannan farin? Lu'ulu'a sunansa," ya ce yana shafa hoton. "Daga Jidda zuwa Bur Sudan, ya wuce Masawwa, ya juyo. Kwana goma muna bin gaɓar teku, iska mai ɗumi tana kaɗa mu. Ɗaki namu mu biyu, da fanka a sama, da 'yar taga da za ki riƙa kallon ruwa."

Ya turo ta biyu gabana.

"Wannan kuma na wani kamfanin Misirawa ne, Suwais yake zuwa. An ce abincinsu ba dama, sai dai cunkoso."

"Na ukun fa?" na tambaya a hankali.

Ya yi dariya.

"Wannan don su cika uku na ɗauko shi. Ummul Khairi ne, wani tsohon jirgi mai kai albasa da awaki Yanbu. Fasinja a saman buhuna suke zama."

"Shi nake so."

Ya ɗago ya dube ni, yana jiran in yi dariya. Ban yi ba.

"Habibti... jirgin albasa?"

"Babban jirgi tsoro yake ba ni."

"Ai ƙaramin ne ya fi jijjiga."

"To an ce a farin ana kiɗa, mata suna yawo kai ba ɗankwali."

"Sai mu rufe ƙofarmu."

"Kwana goma ya yi yawa, Inna ba ta da mai taya ta aiki."

Allah ya sani, ƙarya uku na jera masa a numfashi ɗaya, kuma duk wadda na faɗa sai in ji kunyarta ta fi ta baya nauyi. Ni da nake mafarkin teku tun ina yarinya! Hoton Lu'ulu'ar nan, da zai bar min shi, a ƙarƙashin matashina zan ajiye.

"Tun ranar da na fara aiki nake kallon jirgin nan daga tagar ofis, ina cewa da amaryata zan hau shi," ya ce, muryarsa ta yi sanyi. "Ba wata wahala a ciki. Jawaz kawai za a yi miki, wato fasfo. Baba ya kawo tabi'iyyarsa ta ɗan ƙasa, umda mai unguwa ya buga hatimi, shaidu biyu su rantse ke 'yarsa ce, khalas."

Dama na san nan maganar za ta zo.

"Ki yi tunani zuwa Alhamis," ya ce yana tattara takardun. Ta Lu'ulu'a ya bari a kan tabarma, da gangan.

Bari in faɗa muku abin da Mukhtaru bai sani ba.

Ni ba Saudatu ba ce. Sunan da mahaifina ya raɗa min Rumasa'u, shi kuma sunansa Lurwanu. A ƙasa muka taho daga Kano, ta Chadi, ta Sudan, shekara uku muna tafe. Mahaifina a hanya ya rasu. Mahaifiyata ta ƙarasa da ni, ta yi tsayuwar Arfa, zazzaɓi ya kwantar da ita a Muzdalifa, ba ta ga Mina ba. Ina da shekara shida, ina zaune kusa da gawarta ina gadin ƙullin kayanmu, Baba Tsoho da Inna Yalwa suka tsince ni.

Su kuma wata biyu ke nan da binne 'yarsu tilo, Saudatu, wadda agana ta ɗauke. Sunanta yana nan a tabi'iyyar Baba, takardarsa ta zama ɗan ƙasa, bai je an soke ba. A lokacin haka mutanenmu da yawa suke yi: idan yaro mai takarda ya rasu, sai a rufa wa wani maraya asiri da sunansa, don kada a kama shi a mayar da shi inda ba shi da kowa. Haka na wayi gari Saudatu 'yar Tsoho mai tsire.

Shekara goma sha huɗu ina amsa sunan yarinyar da ke kwance a maƙabarta.

Jirgin Yanbu ba ya barin ƙasa, ba a neman jawaz. Shi ya sa na zaɓe shi.

Da Mukhtaru ya tafi, na sami Baba a tsakar gida yana soka nama a tsinke, yana shirin fita bakin titi. Ashe duk ya ji mu.

"Ba ki faɗa masa ba," ya ce, ko ɗagowa bai yi ba.

"Baba, zan faɗa."

"Tun watan Rajab kike zan faɗa."

"Idan muka hau na Yanbu ai ba wanda zai tambaya..."

Ya ajiye tsinken.

"'Yar nan, jirgi kike gudu, kin manta ɗaurin aure? Na riƙe ki, kuma har gobe ba ni da 'yar da ta fi ki. Amma ba zan ɗaga hannu in rantse da Allah ni na haife ki ba, ga Ɗakin Allah can ina jin kiran sallarsa daga nan. Kuma ba zan zauna gaban malamai in aurar da ke da sunan wadda na sa a rami da hannuna ba. Auren da aka ɗaura a kan haka, wa aka ɗaura wa?"

Inna Yalwa tana bakin murhu, ta juya mana baya tana goge ido da gefen zani.

"Gidansu manya ne, Baba," na ce ina kuka. "Kakansa ma a Makka aka haife shi. Idan suka ji tsintacciya ce ni, ko takarda ba ni da ita..."

"Gara su ji daga bakinki."

Na yi masa alkawarin Alhamis. Wallahi da niyyar cikawa na yi, sai dai ba a bar ni na kai Alhamis ɗin ba.

Ranar Talata Hajiya Asiya, mahaifiyar Mukhtaru, ta aiko mu je shan shayi bayan la'asar, wai a gwada min ɗinkin biki. Muka je ni da Inna. Ɗakin cike yake da mata, ga turaren wuta, ga ƙananan kofuna a kan faranti.

Ruƙayyatu ce take zuba shayin. 'Yar ƙanwar Hajiya ce, a gidan ta tashi, kuma duk dangi sun san tun tana 'yar goma sha biyu take goge wa Mukhtaru takalmi ba wanda ya sa ta. Ban taɓa ganin laifinta a kan son sa ba. Abin da ta yi min ranar ne har yau ban iya mantawa ba.

"Khala, kin ji amaryarmu jirgin awaki ta zaɓa?" ta ce wa Hajiya tana miƙo min kofi da murmushi.

Mata suka kwashe da dariya.

"Kai, yarinya, Lu'ulu'a guda?" wata tsohuwa ta ce. "Ni da za a ba ni, ko a ƙafa ɗaya zan tsaya har Masawwa."

"Tsoron ruwa take," Inna ta yi saurin cewa.

"Ni ma haka na ɗauka," in ji Ruƙayyatu, ta zauna ta gyara zama. "Sai na ce a raina, mai tsoron ruwa ai gida take zama, ba ta zaɓar jirgin da ya fi kowanne ruɓewa. Me Ummul Khairi yake da shi wanda sauran biyun ba su da shi? Na tambayi Yaya Mukhtaru, ya ce ba komai, illa dai shi ba a neman jawaz."

Na ajiye kofin. Ita kuwa ta ci gaba.

"Jiya na je Mansur gaishe da tsohuwar nan mai wankan gawar mata. Hira ta kai mu kan biki, na ce mata Yaya zai auri Saudatu 'yar Tsoho mai tsire. Sai ta ce, wace Saudatun? Ita da hannunta ta wanke Saudatu 'yar Tsoho, shekarar da aka yi agana."



Hajiya Asiya ta ajiye carbinta, ta juyo gaba ɗaya.

"Yalwa, mece ce gaskiyar maganar nan?"

Inna ta buɗe baki. Na san ƙarya za ta yi domina, tsohuwa mai furfura, a gaban mutane. Wannan kam ban iya bari ba.

"Gaskiya ta faɗa, Hajiya," na ce, idona a ƙasa. "Riƙona suka yi. Iyayena sun rasu a hanyar Hajji."

"Shi Mukhtarun ya sani?"

"Bai sani ba."

"Shekara biyu?"

"Shekara biyu."

Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da gudu zan shige. Maraici ba abin kunya ba ne, na sani. Abin kunyar shi ne duk ranar da matar nan ta kira ni 'yar Tsoho na amsa, duk ranar da ta yi min addu'a da sunan na ce amin.

Hajiya ba ta zage ni ba, kuma da ta zage ni da ya fi min sauƙi. Ta dubi mai ɗinkin ta ce, "Naɗe kayan nan tukuna." Ta dube mu ta ce, "Ku gaida gida."

Muka kamo hanyar gida ni da Inna. Sai da muka shiga lungunmu ta kama hannuna ta riƙe gam, kamar ranar da ta ɗauko ni daga Muzdalifa.

Kafin Laraba magana ta zaga Mansur. Ko ɗibar ruwa ban fita ba. Na ɗauki takardar Lu'ulu'a na jefa a murhu, na tsaya ina kallo har farin jirgin ya zama toka.

Alhamis bayan la'asar na ji sallamarsa.

Ban zaci zai zo ba. Na fito ina jan ƙafa, na durƙusa a inda na saba. Shi kuwa bai zauna ba, yana tsaye ya jingina da bango, ya rame a kwana biyu.

"Gaskiya ne?"

"Gaskiya ne."

"Ummi ta ce in bar maganar. Ta ce wadda ta iya ɓoye sunanta, ba abin da ba za ta iya ɓoyewa ba."

"Ba ta yi ƙarya ba."

"Kada ki taya ta, ni ki ba ni amsa." Muryarsa ta ɗaga kaɗan, sannan ya sauke ta. "Kin ɗauka takarda na zo nema a gidan nan? A ofis kullum takardu nake gani, da tabi'iyya nake son aura ai da ban sha wahalar mota ba."

Kafin in amsa, ya ci gaba.

"Kin san abin da ya hana ni cin abinci? Duk Juma'a sai na yi ɗawafi kafin in koma Jidda. Duk zagaye bakwai ɗin, abu ɗaya nake roƙo: Ya Allah ka ba ni Saudatu 'yar Tsoho. Shekara biyu ina tsaye gaban Ɗakin Allah ina neman auren yarinyar da ta rasu tun ina makarantar allo. Ke kuma kina ji ina faɗa miki, kina cewa amin."

Nan ne kukan ya ƙwace min.

"Na ji tsoro ne," na ce. "Ranar farko da ka tsaya sayen tsire ka tambayi sunana, na ce gobe zan faɗa maka. Da goben ta zo na riga na fara son ka. Kullum son yana ƙaruwa, faɗar tana ƙara nauyi. Ba ni da hujja, Mukhtaru. Kunyarka nake ji fiye da ta kowa a duniya."

 Daga titi ana jin mai balila, wato dafaffen wake, yana tallarsa.

"Da gaske kina tsoron teku?" ya tambaya.

"A'a. Ina son sa. A wani ƙaramin kwalekwale muka tsallako daga Sudan, mahaifiyata ta ɗora ni a cinyarta tana nuna min kifaye suna tsalle. Shi ne abu na ƙarshe da na tuna tana dariya a kansa."

Ya sauko a hankali ya zauna a kan tabarma.

"Yaya sunanki?"

 Shekara goma sha huɗu ban furta shi a fili ba.

"Rumasa'u."

"'Yar wa?"

"'Yar Lurwanu."

Ya maimaita a hankali, sau biyu, yana kallon ƙasa. Sannan ya miƙe ya sa takalmi.

"Ina za ka?"

"Harami. Akwai addu'ar da zan gyara."

Abin da ya biyo baya bai zo da sauƙi ba, kada in yi muku wata ƙaryar.

Baba Tsoho ya sa babbar rigarsa, shi da Mukhtaru suka je wurin umda, mai unguwarmu, suka faɗi komai. Umda ya yi wa Baba faɗa kamar zai ari baki, ya sa shi zaryar ofis har sati uku, a ƙarshe aka soke sunan Saudatu daga tabi'iyya. Ranar Inna ta shige ɗaki ta yi kuka irin wanda ban taɓa ji ba. Sai a ranar ta gama binne 'yarta.

Da ta fito ta ce da ni, "Su kira ki duk abin da suka ga dama. Ni dai Sauda na sani."

"Ke kaɗai zan riƙa amsa wa, Inna," na ce.

Ni kuma na koma ba ni da ko ƙyallen takarda. Aka ce sai bayan aure mijina ya nema min, kuma abin yana iya ɗaukar shekaru. Maganar Lu'ulu'a ta mutu ke nan, mafarkinsa na shekara da shekaru, kuma ni na kashe shi.

Hajiya Asiya ta yi wata guda ba ta amsa gaisuwar ɗanta. Na ɗauki ƙafa na je da kaina, na durƙusa a tsakar gidanta cikin rana, a gaban Ruƙayyatu da kowa, na ce na yi mata ƙarya, ta yafe min. Ta bar ni a durƙushe har gwiwoyina suka mutu.

"Tashi," ta ce daga ƙarshe. "Ban ce na manta ba. Amma wadda ta hana tsohuwa yin ƙarya dominta, da sauranta."

Alƙali ne ya zama waliyyina, Baba yana zaune a damansa. Ruƙayyatu ba ta zo biki ba, aka ce kanta ke ciwo, ni kuma ban bi ba'asi ba.

Kwana bakwai da tarewa muka sauka tashar jiragen ruwa ta Jidda da hantsi. Rana ta ɗaga, iska mai ɗumi da gishiri tana bugun fuskata. Ga Lu'ulu'a can a tsaye, fari fat, ya fi hotonsa kyau nesa ba kusa ba, fasinjoji suna hawa da akwatunan fata. Na ga Mukhtaru ya kalle shi sau ɗaya ya kau da kai.

Namu kuma yana can ƙarshen gada, duk tsatsa, warin albasa tun daga nesa yake yi mana maraba. Wani akuya ya leƙo kai ta tsakanin buhuna yana kallonmu.

"Ka yi haƙuri," na ce, kunya ta sake rufe ni. "Na hana ka jirginka."

"Ke kika zaɓa, habibti, kuma na yi alkawarin bin zaɓinki," ya ce yana danne dariya. "Na roƙi mai jirgin ya ba mu buhunan da ke ɓangaren ruwa. An ce nan ne ɗakin amare."

A bakin tsani wani dattijon matuƙi yake tsaye da takarda, yana kiran fasinja ɗaya bayan ɗaya. Ya kira Mukhtaru, ya amsa. Sannan ya kira wani suna.

Ba wanda ya amsa. Ni ma na waiga ina duban wace ce take ɓata mana lokaci.

Ya sake kira, da ƙarfi a wannan karon.

"Rumasa'u bintu Lurwanu!"

Mukhtaru ya taɓa gefen mayafina.

"Da ke ake, amarya. Da hannuna na rubuta."

Sai a lokacin sunan ya shiga kunnena. Rabon da wani ya ɗaga murya ya kira ni da shi, tun mahaifiyata a cikin kwalekwale, a kan wannan ruwan. Hawaye suka cika min ido har na daina ganin tsanin.

"Tana nan ko ba ta nan?" dattijon ya tambaya, ya fara ƙosawa.

Na sauke mayafin daga bakina don kowa ya ji.

"Na'am," na ce. "Ga ni."